Dokokin jiragen ruwa: haraji ne a kan wanda bai taɓa ganin teku ba?

Alhaji Sale, Kusiri: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so masu ilimi a cikinmu su warware mini ita ko su yarda da ni. A ganina, waɗannan dokokin da ake ta ƙaƙaba wa jiragen ruwa da sunan kare muhalli ba komai ba ne illa haraji a kan talakan da bai taɓa ganin teku ba. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina sayo tayil da kayan gini daga Sin, a sauke su a tashar Duwala ta Kamaru, jirgin ƙasa ya kawo Ngaundare, daga nan manyan motoci su bi ta Garwa da Marwa har Kusiri, wasu kuma su ƙetare gadar Ngeli zuwa Njamena. A farkon 2020 na ga wani sabon layi a takardar kuɗin dako, da na tambaya sai aka ce kuɗin tsabtataccen mai ne, wai an hana jirage ƙona man da suka saba. Na biya, na kuma ɗora a kan kowane kwali, ƙarshenta mai gina ɗaki ɗaya a bayan gari shi ya ɗauki nauyin. Yanzu kuma ina jin ana shirin sa wa hayaƙin kansa farashi. Waɗanda suka ɓata sararin samaniya da masana'antunsu su ne ke zaune a Landan suna yanke hukunci, mu kuwa namu biya: kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Malama Hadiza, Garwa: Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Layin da ka gani gaskiya ne, amma ka haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020 ta farar wuta ce, wadda ke cikin baƙin man jirage: an rage adadin da aka yarda da shi daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.5. Wannan ba maganar ɗumamar yanayi ba ce, maganar huhun mutane ce. Tashar Duwala a cikin gari take, a bakin kogin Wuri, kuma duk wanda ya san wurin ya san 'ya'yanmu na arewa nawa ne ke dako da turin kaya a gefenta suna shaƙar abin da jirage ke fitarwa. Ita kuma hukumar da ke Landan, wato IMO, ba ta Ingila ba ce, reshe ne na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma Kamaru na da kujera a cikinta kamar kowa.

Batun farashin hayaƙi shi ne na biyu, kuma labarinsa ya saɓa wa yadda ka kawo shi. A 2023 ƙasashen hukumar suka amince cewa nan da wajajen 2050 sufurin teku ya daina ƙara wa duniya iskar da ke ɗumama ta. A Afrilu 2025 aka tsara yadda za a yi: manyan jiragen da suka wuce ma'aunin tan 5,000, idan suka zarce iyakar da aka sa musu, za su biya dala 100 ko dala 380 a kan kowane tan na hayaƙin da ya haura, gwargwadon nisan wuce iyakar. Da aka zo tabbatar da shi a Oktoba 2025, sai aka ɗage shi da shekara ɗaya, da ƙuri'a 57 a kan 49, bayan Amurka ta matsa lamba, Saudiyya kuma ta gabatar da buƙatar ɗagewar. Waɗanda suka fara neman a sa dala 100 tun 2021 kuwa ƙananan tsibiran tekun Fasifik ne, Mashal da Solomon, waɗanda ruwa ke neman cinye ƙasarsu. Ka ga ke nan ba masu kuɗi ne suka taru a gefe ɗaya, talakawa a ɗaya gefen ba.

Alhaji Sale: Na ji, Malama, Allah ya ƙara sani. Amma ko wa ya kawo shawarar, mai jirgi ba daga aljihunsa zai biya ba, kuma wannan ba ki musanta ba.

Isiyaku, Duwala: Kawu, ka yi mini afuwa in shiga maganar manya, tunda takardun nan ni nake cika su kullum a matsayina na tiranzite, wato mai fitar wa 'yan kasuwa kayansu daga tasha. Ban musa cewa mai kaya ke biya ba. Abin da nake musu shi ne cewa nan ne kuɗinku ke tafiya. Na sha ganin kwantenar da kuɗin kawo ta daga Sin zuwa Duwala bai kai kuɗin kai ta daga Duwala zuwa Njamena ba, tafiyar da ba ta wuce kusan kilomita 1,800 ba. Ka lissafa kwanakin da take zaune a tasha ana jiran takardar duwan, wato kwastan, alhali kuɗin jinkirin kwantena yana hawa, ka lissafa jiran tarago, da shingayen hanya, da lalacewar titi tsakanin Mora da Dabanga da Kusiri, sannan ka dubi layin man nan ka ga ko ya kai rabin ɗaya daga cikinsu. Hauhawar da ta fi gigita mu ma a 2021 ta zo, lokacin korona, sai kuma daga ƙarshen 2023 da jirage suka guje wa Bahar Maliya suna zagayawa ta Afirka ta Kudu, kuma babu wata dokar muhalli a cikin waɗannan biyun.

Akwai kuma dokar da ni kaina na yi ƙorafi a kanta da farko, yanzu nake sa mata albarka. Tun 1 ga Yuli 2016 ba a ɗora kwantena a jirgi sai an tabbatar da nauyinta a rubuce. Kafin nan mutum sai ya faɗi abin da ya ga dama. Na taɓa tsayawa a gaban sikeli da wata kwantena wadda mai ita ya rantse mini cewa kayan katako ne marasa nauyi. Da motar ta hau, sai ma'aikacin ya dube ni, ya juyo mini da allon ba tare da ya ce uffan ba, ashe an cusa ƙarafa a ƙarƙashin katakon. Irin wannan idan aka ɗora ta a saman jeri bisa nauyin ƙarya, ita ke murƙushe na ƙasa ko ta sa jeri ya kife a teku, kuma na ƙasan nan yana iya zama tayil ɗinka, Kawu. Direban da zai ja ta ya hau dutsen Ngaundare da birkin da bai san abin da yake riƙe ba, shi ma ransa na cikin lissafin.

Hajiya Balaraba, Njamena: Isiyaku ɗana, maganar sikeli ta yi daidai, amma kada ku yi wa Alhaji taron dangi, domin akwai gaskiya a hannunsa wadda ba ku taɓa ba. Ni riɗi da ƙaro nake fitarwa. Wanda ke fitar da wayoyin salula, idan aka ƙara kuɗin dako, ƙarin zai ɓace a cikin tsadar kayansa. Wanda ke fitar da riɗi ko auduga, kaya mai nauyi mai arha, ƙarin a fili yake, kuma mai saye a ƙetare ba zai ƙara mini ko dala ba, sai dai in rage wa manomi. Malama ta ce an ɗage harajin, to amma Tarayyar Turai ba ta jira kowa ba: tun Janairu 2024 ta sa jirage cikin tsarinta na sayen izinin hayaƙi, kuma jirgin da ya taso daga Duwala ko Kiribi zuwa tashar Turai ana lissafa masa rabin hayaƙin tafiyar. Kuɗin nan a Turai yake zama. Ƙaron da aka tsinto a dajin Cadi ya biya, Cadi kuwa ba ta ga ko sisi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne Cadi ba ta cikin mambobin wannan hukuma, alhali ɗanyen manmu yana bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kiribi tun 2003, kuma jiragen dakon mai ne ke kwashe shi. Kusan duk abin da muke ci da sawa daga ƙetare ta teku yake zuwa. An ce tsarin na Landan zai kafa asusu wanda wani ɓangarensa zai taimaki ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. To wa zai tsaya ya yi mana magana ranar rabo?

Malama Hadiza: Wannan hujja ce mai ƙarfi, Hajiya, kuma na karɓe ta. Sai dai ina ganin ta fi goyon bayan doka ɗaya ta duniya fiye da rashinta, domin duk lokacin da aka kasa daidaitawa a Landan, kowane yanki sai ya kafa tasa ya riƙe kuɗin, kamar yadda Turai ta yi.

Malam Garba, Ngaundare: Na karanta duka, kuma ina so in ja hankalin Alhaji zuwa abin da ya fi kusa da mu fiye da Landan. Alhaji, abokina, ka ce dokar ta yi mana yawa. Ni kuwa abin da na gani shi ne ƙarancinta ya zubar mana da mutunci. Tutar Kamaru ta shiga baƙin jerin da ƙasashen yarjejeniyar Paris ta binciken jirage a tashoshi ke fitarwa na tutocin da ake yawan tsare jiragensu saboda rashin inganci. Tsofaffin jiragen dakon mai waɗanda masu su ba 'yan Kamaru ba ne, waɗanda ba su taɓa shiga ruwan Duwala ba, sun riƙa yin rajista da sunanmu don a nan bincike ya yi sauƙi, har a farkon 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana jirage masu tutarmu shiga tashoshinta. Shekara guda kafin haka, a Janairu 2023, Tarayyar Turai ta ba mu jan kati kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, shi ma saboda jiragen da muka ba tuta ba mu sa musu ido ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuma inda doka ta yi rauni can ake kai shara. A 2006 jirgin Probo Koala ya sauke dattin guba a Abijan, aka zubar da shi a cikin unguwanni, mutane suka mutu, dubbai suka kwanta jinya. Abin da ya tarwatsa tashar Bairut ranar 4 ga Agusta 2020, tan 2,750 na sinadarin da ake takin zamani da nakiya da shi, daga wani ruɓaɓɓen jirgi aka sauke shi wanda masu shi suka gudu suka bari. Idan ɗaya daga cikin tsofaffin jiragen man nan ya fashe a gaɓar Kiribi, ba Bature ne zai rasa kifi ba. Kusan kowace doka a wannan fage bayan gawa aka rubuta ta: ta kare rayuka a teku ta biyo bayan nutsewar Titanic a 1912, ta hana gurɓata teku kuma ta samo asali daga malalar man Torrey Canyon a 1967. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Alhaji Sale: Allah ya gafarta Malam, a kan tuta da sikeli na sallama, kuma ban san abin kunyar nan ya kai haka ba. Amma tunda rayuka ake magana, ku zo bakin kogin Logon ranar kasuwa ku gani. Da idona na ga kwalekwale an loda masa buhunan albasa, da babura biyu a kwance a kansu, da mata da goyo a zaune a gefe, har tsakanin ruwa da bakin katako bai wuce yatsu huɗu ba, wani yaro yana ta kwarfar ruwa da yankakken galan, babu rigar ruwa ko ɗaya. Ina dokar Landan a nan? Ana auna kwantenata har kilo ɗaya, amma ba a ƙirga 'yan Adam.

Malama Hadiza: A nan ba ni da abin kare ta, Baba Alhaji. Yarjejeniyar kare rayuka ta shafi jiragen da ke tafiya tsakanin ƙasa da ƙasa a teku ne, kuma irin kwalekwalen da ka kwatanta ba ya cikinta, haka ma jiragen fito na cikin gida. Jirgin Joola da ya kife ranar 26 ga Satumba 2002 a hanyarsa daga Zigancor zuwa Dakar ya ci rayuka 1,863, fiye da na Titanic, ya ɗauki ninki uku da wani abu na mutanen da aka ƙayyade masa, kuma da yake tafiyar cikin Senegal ce, alhakin binciken yana wuyan gwamnatin ƙasar kaɗai. Sai a 2022 hukumar ta fitar da samfurin ƙa'idoji na jiragen fito na cikin gida, wanda ba dole ba ne, kowace ƙasa ta ɗauka idan ta so. Saboda haka na Logon da Shari da tabkin Lagdo, a Yawunde da Njamena za a nemi amsarsa.

Alhaji Sale: To, a kan harajin hayaƙi ina nan inda nake, sai ranar da na ga asusun nan ya gyara ko da kilomita ɗaya tsakanin Mora da Kusiri. Isiyaku, kwantenata da ke tafe, ka rarraba mini lissafinta layi-layi, na teku daban, na tasha daban, na hanya daban, in kawo wa jama'a su gani da idonsu ko ni ko kai.

Isiyaku: An gama, Kawu. Sai dai na hanya ba duka ake ba da rasit ba, don haka zan sa direba ya riƙa rubuta abin da ya miƙa a kowane shinge daga Ngaundare har ƙofar shagonka.