Farautar kamfanonin Amurka Vestager ta yi, ko aikinta?

Baban Amira: Ni dai ba mai canza min ra'ayi. Shekara goma Margrethe Vestager, 'yar Danmak ɗin nan, ta yi tana kula da gasar kasuwanci a Tarayyar Turai, 2014 zuwa 2024, kuma kamfanonin Amurka ta sa wa ƙahon zuƙa. Google tarar yuro biliyan 2.4 a 2017, sai biliyan 4.3 a 2018. Apple kuma ta ce sai ya biya Ireland harajin biliyan 13. Hassada ce, Turai ba ta da irinsu.

Malam Ɗanlami: Alhaji, a yi adalci. A 2016 wa ta ci tarar kusan biliyan 3? Masu ƙera manyan motoci ne na Turai, su Daimler da Volvo, da suka haɗa baki kan farashi. A 2019 Siemens na Jamus da Alstom na Faransa suka so haɗe sana'arsu ta ƙera jiragen ƙasa, gwamnatocinsu suka tsaya musu, ta ce a'a.

Baban Amira: To ai kotun Tarayyar Turai ta kunyata ta a kan Apple a 2020.

Malam Ɗanlami: Ƙaramar kotu ke nan, ranka ya daɗe. Babbar ta ba ta gaskiya a Satumban 2024. Inda ta sha ƙasa da gaske shi ne shari'o'in harajin Starbucks da Fiat da Amazon.

Anti Rabi: Ku biyun duk a kan tara kuka tsaya. Alhaji, ɗauko wayarka ka duba. Sabuwa fil ka ciro ta a kwali, amma Chrome da manhajar binciken Google na ciki, ba wanda ya tambaye ka. Laifin da aka kama Google da shi a 2018 ke nan: ba a ba mai ƙera waya Play Store sai ya haɗa da su. Abin da ya dame ni, bayan tarar me ya canza? Kamar ka ci tarar dillalin shanu kuɗin kaza ne.

Malam Ɗanlami: A Turai an sa allon zaɓin manhajar bincike, Anti.

Anti Rabi: An sa, mutane suka sake danna Google. Kuma kada ku mai da ita waliyiya. Tana ministar tattalin arziki a Danmak, 2011 zuwa 2014, ta kafe a kan rage wa'adin tallafin marasa aiki daga shekara huɗu zuwa biyu. Talakan can bai manta ba.

Baban Amira: Ka ji ko, Malam? A gidansu ma ba ta da tausayi.

Malam Ɗanlami: Ɗazu hassada ka ce, Alhaji. Yanzu an koma tausayi?