Ina neman shawara kan abin ɗora ƙafa na jita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon jita a Jos, irin zaman da ake ɗora ta kan cinyar hagu, wuyanta ya ɗago sama. Ƙaramin abin ɗora ƙafa na ƙarfe nake amfani da shi, mai naɗewa, amma bayan minti talatin sai ƙuguna da ƙasan bayana su riƙe, don ƙafa ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa. Na rage tsayinsa, sai jitar ta riƙa zamewa.

An ce min akwai wani abin tallafe jita a kan cinya wanda ake mannawa jikin jitar da roba mai tsotsa, kamar Ergoplay, ƙafafu biyu su zauna ƙasa. Da sanyin hunturun nan, robar tana kamawa kuwa? Ba ta ɓata fentin jita? Don Allah wanda ya gwada ya taimaka min.