Abin da aka tattauna: kamfanonin sada zumunta da saƙon masu tsattsauran ra'ayi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar ko kamfanonin sada zumunta na da alhakin irin wannan saƙo ta yi tsawo tun da wani ɗan uwa a Aboabo, a nan Gana, ya ga bidiyon 'yan bindiga a wayar ƙanensa, da wa'azi cikin Hausa. Ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda kamfani ba ya rasa laifi. Shi ke tura wa yaro bidiyo bayan bidiyo, kuma yana cin kuɗin talla a kai.

2. Wajen shari'a aka rabu. Wasu sun ce a Amurka sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996 ya kāre kamfanonin daga alhakin abin da mutane suka wallafa, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta ƙi ɗora wa Twitter alhakin harin da aka kai Istanbul. Wasu suka ce ai Tarayyar Turai awa ɗaya take ba kamfani ya cire saƙon ta'addanci idan hukuma ta umarta. Me zai hana Gana? Ni dai wannan ɓangaren ya fi gamsar da ni, ga Burkina Faso mai fama da 'yan ta'adda a ƙofar gida.

3. Malamanmu sun ja kunne: in doka ta tsananta, kamfani zai riƙa goge karatun tafsiri don tsoron tara, tunda na'urarsu ba ta jin Hausa sosai.

4. WhatsApp kuwa, saƙo a kulle yake, kamfanin ma bai gani. Nan nauyi na kan mai kula da rukuni.

An ce wanda ya ci karo da irin wannan bidiyo kada ya tura wa kowa, ko da don faɗakarwa ne. Ya kai ƙara.