Shin da aibi aka halicci ɗan Adam?

Ɗalibi, Madina: Malamai, Suratut Tin aya 4 ta ce an halicce mu cikin mafi kyawun tsari, Nisa'i 28 kuma ta ce mutum rarrauna ne. Yaya za a haɗa su?

Baba, Maiurno: Ɗana, rauni daban, aibi daban. Ɗaha 115 ta ce Annabi Adamu mantuwa ya yi, Baƙara 37 ta ce an karɓi tubarsa. Jariri ba ya gādon laifin.

Hajiya, Makka: Nan Kiristocin Yamma suka bambanta. Littafin Farawa, na farko a Baibul, ya ce halittar ta yi kyau ƙwarai, ɓacin daga baya ya shigo. Agustin, babban malamin Kirista wanda ya rasu a shekara ta 430 Miladiyya, shi ya kafe kan zunubin gādo, wato cewa kowane ɗan Adam yana gādon laifin Adamu.

Ɗalibi: Madalla, Hajiya. Ashe su ma ba su ɗora wa asalin halittar aibin ba.