Bugu ko zubi? Neman kalmar "pressing" a harkar faifan garmaho

Jama'a, kalma nake nema. Faifai biyu, waƙa ɗaya, mawaƙi ɗaya, amma ka ɗora allura a kan na farko murya ta fito tas, na biyu kuwa sai ƙaras-ƙaras kamar ana tauna tsakuwa. Masu harkar za su ce maka "pressing" ɗinsu ne ya bambanta. Mu me za mu ce?

Wani ɗan'uwa ya kawo "matsi". Gaskiya matse shi ake yi: a sa curin roba mai zafi tsakanin ƙarafa biyu, inji ya danne. Amma wa zai ji "matsin Japan" ya tuna da faifai? Sai ya ɗauka zancen talauci ake.

"Zubi" ya fi daɗi a baki, har na kusa karɓa. Sai dai abin da aka narkar shi ake zubawa, robar nan kuwa laushi kawai take yi.

Ni a kan "bugu" na tsaya, don mai karatu ya riga ya san bugun farko na littafi daban, na biyar daban. Dubi yadda aikin yake: ana fara yanka waƙar a kan wani faifai mai laushin fuska, daga shi a ciro kwafin ƙarfe da su kansu Turawan ke kira uba, daga uba a ciro uwa, daga uwa kuma ƙarfen da ke danna robar. Wannan na ƙarshe mu ce masa "hatimi". Hatimi yana cinyewa, shi ya sa faifan da ya fito lokacin da hatimin yake sabo ya fi na ƙarshe tsabtar sauti, alhali bugunsu ɗaya.

Ga kuma robar. Bayan tashin farashin mai na 1973, masana'antu da dama sun riƙa niƙe tsofaffin faya-fayai suna haɗawa da sabuwa, shi ne ake jin tsaki a bugun lokacin. Bugun Japan ya yi suna ne saboda tsabtar roba. Nauyi kuwa kada ya ruɗe ku: ko faifai ya kai giram 180, hakan ba ya gyara yankan da aka ɓata.

Malam da ka ce "bugu" zai rikice da bugun ganga, na ji. Amma ɗauki faifanka, ka karkata shi ga haske, ka duba filin nan mai santsi kusa da takardar tsakiya. Ƙananan lambobin da aka zana a wurin, in na ce "lambar bugu", ganga ce ta zo maka a rai?