Tsaurin iyakar koloid ɗina na safe daban, na yamma daban

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ina fama. Na haɗa koloid, wato ƙananan ƙwayoyin robar PMMA, da narkakkiyar robar polistayirin cikin wani ruwa mai kama da mai da ake kira dekalin, haɗin ya rabu gida biyu, mai yawan koloid ya kwanta ƙasa. Malamina ya yi tafiya, saƙo uku na tura shiru, tallafina ya kusa ƙarewa, ga shi na yi wa iyayena alkawarin gamawa bana. Barci ma ya gagara. A maikiroskop na konfokal, mai ɗaukar hoton cikin haɗin, ina ganin iyakar da ke tsakanin ɓangarorin biyu tana rawa, amma tsaurin iyakar (ƙarfin da ke ɗame ta) da nake lissafawa daga rawar da yamma ya ninka na safe. Ina na kuskure?

Tsohon malami: Wa alaikissalam 'yata. Rawar ba matsala ba ce, zafi ne ke kaɗa iyakar. Tsaurin saman ruwa kusan 72 mN/m ne (ma'aunin tsauri ke nan), shi ya sa rawarsa ba ta kai nanomita ɗaya (kashi ɗaya cikin biliyan na mita) ba. Na koloid bai kai kashi ɗaya cikin dubbai na wannan ba, sai rawar ta fito fili. Aarts da Schmidt da Lekkerkerker sun nuna ta a mujallar Science a 2004, da irin haɗinki. Ruwanki ne ke ƙafewa, haɗin yana nisantar gaɓar da ɓangarorin biyu ke komawa ɗaya, tsauri yana hawa. Ki liƙe kwalbar.

Ɗalibi: Malam, a gafarce ni, dekalin ba ya saurin ƙafewa. Yaya, daƙiƙa nawa kike ɗaukar hoton iyakar? Dogayen igiyoyin rawar a hankali suke lafawa. Gajeren ɗauka ba ya kama su, sai tsauri ya fito sama da gaskiya.

Wata mamba: Ke har kina samun na'ura safe da yamma! Mu awa biyu ake ba mu a mako, kusa da injin da ke girgiza bene. Shekara guda na yi asara.

Mai tambaya: Kwalbar a liƙe take, Malam, da hannuna na sa gam. Tsarin ɗaukar kuma na wanda ya gabace ni ne, da shi ya kammala lafiya.

Tsohon malami: To kin fara awo kafin haɗin ya gama kwanciya. Ki bar shi kwana guda. Na sha ganin wannan.

Ɗalibi: Har yanzu ba ki faɗi girman ƙwayoyin ba, Yaya.

Mai tambaya: Ba ni da kwanan da zan zubar. Akwai wanda ya taɓa haɗa awon biyu ya ɗauki matsakaici?