Waɗanda suka taɓa fita waje neman kulob, ku zo ku ba mu labari

Yayan Lamba Bakwai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana huɗu ke nan ba a ci tuwon dare cikin daɗin rai a gidanmu ba. Ƙanina yana buga lamba bakwai a wani ƙaramin kulob na ƙwallon ƙafa a nan Unguwar Rogo ta Jos, shekarunsa 17, sai bayan babbar Sallah zai cika 18. Wani mutum ya gan shi a wasa ya ce zai kai shi gwaji Turkiyya, amma a kawo naira miliyan uku da rabi na biza da tikiti da masauki. Hajiyarmu ta ce a sayar da filin da Baba ya bar mana a hanyar Bauchi. Shi kuwa yaron ba shi da zance sai na Ahmed Musa, wai ai shi ma ɗan Jos ne, ga shi ya buga a Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya. Ina buɗe baki sai a ce baƙin ciki nake yi masa. Don Allah wanda ya taɓa fita da ƙafarsa, ko ya fitar da nasa, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Tsohon Gola

Wa alaikumus salam. Ina ganin kalmar Turkiyya sai da gabana ya faɗi. A 2016 na je, motar haya ta mahaifina aka sayar. Mu shida ejan, wato dillalin 'yan wasa, ya kwasa, ya sauke mu a wani ɗaki a unguwar Aksaray cikin Santambul, muka tarar da wasu huɗu a ciki, katifa uku. Ya ce jibi koci zai gan mu. Jibi ta zo ya ce koci ya yi tafiya. Rana ta biyar wayarsa a kashe, har yau ban sake jin muryarsa ba. Sai a lokacin wani ɗan Gana da ya riga mu zuwa ya karɓi fasfona ya duba, ya yi dariya, ya ce wannan ai bizar yawon buɗe ido ce, ko kulob ya so ka ba zai ɗauke ka da ita ba.

Wata 14 na yi. Da safe mu haɗu da 'yan Kamaru da 'yan Gini a wani fili mu yi atisaye, kowa yana baza ido ko wani mai jaket zai tsaya kallo. Da rana mu shiga aikin da baƙaƙen can ke kira cabuk-cabuk, wato maza-maza, kalmar da masu gidan ɗinki ke daka maka tun safe har dare. Ni naɗe wanduna nake yi ina zubawa a buhu. Abin da ya fi ci min rai har yanzu shi ne, na sayi rigar wani kulob a kasuwa, na je ƙofar filin wasansu na ɗauki hoto na turo gida. Mahaifiyata ta sa aka wanke hoton aka manna a falo. Ranar da na dawo, bayan 'yan'uwa sun yi karo-karo sun biya tarar zaman da na wuce, shi na fara gani ina shiga. Ba ta cire ba, ni ma ban iya cewa ta cire ba.

Baba Koci

Yarona, shekara 26 ina horar da yara a garin nan, na raka huɗu filin jirgi, biyu daga ciki sun ci abinci da ƙwallo. Tunda ƙaninka Ahmed Musa yake kafa hujja da shi, to a karanta masa tarihin daga farko, kar a fara daga tsakiya. Daga makarantar ƙwallo ta GBS ya fito, ya buga wa JUTH a nan Jos, ya tafi Kano Pillars. A kakar 2009 zuwa 2010 ya ci ƙwallo 18 a gasar Najeriya, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Da wannan VVV-Venlo ta Holan ta neme shi. Kuma duk da haka bai fara buga musu ba sai da ya cika 18 a watan Oktoba na 2010, domin dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro daga wata ƙasa zuwa wata kafin wannan shekarun, sai a wasu 'yan yanayi da ba su shafi yaron Unguwar Rogo ba. To shi mutumin naku, ɗan shekara 17 zai kai wa wa?

Na biyu, duk yaran da na gani sun tafi ta ƙofa, kulob ne ya turo takardar gayyata mai ɗauke da sunan yaro da ranar zuwa da ranar komawa, kuma kulob ne ko ejan ya biya tikiti. Ejan na gaskiya a jikin kwantiragi yake cin nasa, shi ya sa ba ya kai wanda bai yarda da ƙafarsa ba. Wanda ya riga ya karɓi miliyan uku a hannun uwar yaro kuwa ya gama cin kasuwarsa tun a Jos, me zai kai shi wahala a can? Ka tambaye shi lasisinsa. Tun 2023 FIFA ta dawo da jarrabawar ejan-ejan, kuma sunayen masu lasisi suna shafinta na intanet.

Na Gangare

Ni kam na ci abinci da ƙwallo, ba zan ɓoye ni'imar Allah ba. Shekara takwas, ƙasa huɗu, amma ba irin ƙasashen da ake nunawa a gidan kallo ba. Na fara da Jamhuriyar Benin a 2015, a mota na je, albashin bai fi na nan ba, sai dai a can wani ya gan ni ya haɗa ni da Oman. Daga Oman Bangladesh, daga nan Sudan.

Mutane suna jin an ce wane ya koma ƙasa kaza, sai su ɗauka jirgi kawai ya hau. Tsakanin kowace ƙasa da wata akwai wata takarda da hukumar ƙwallon inda ka baro za ta aika wa ta inda za ka, ta sakin ɗan wasa. In ba ta iso ba, ko kai ne Okocha sai dai ka zauna a saman benci da kayan gida. Da zan bar Oman ina bin kulob albashin wata uku. Suka ce in sa hannu na yafe, su sake ni cikin ruwan sanyi, ko kuma mu yi ta ja har kasuwar 'yan wasa ta rufe. Saura kwana shida. Na sa hannu. Daga baya ne wani ɗan Masar da muka yi wasa tare ya gaya min cewa in kulob ya riƙe maka albashin wata biyu, za ka iya rubuta musu wa'adin kwana 15, in ba su biya ba ka tafi abinka kuma ka kai ƙara FIFA. Ban sani ba. Kwantiragin ma da Larabci aka rubuta, ni kuwa Larabcina na allo ne, na iya karantawa tiryan-tiryan ban san me na karanta ba.

A Bangladesh korona ta same mu a 2020, aka soke gasar, aka yanke mana kuɗi. Abinci kuwa shinkafa safe, shinkafa rana, shinkafa dare, har mafarkin gwate na riƙa yi. Sudan ce na fi jin daɗinta, don akwai Hausawa birjik, sai ka shiga kasuwa ka yi ciniki da harshenka. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi, na tashi da ƙarar bindiga a Khartum. A motocin da aka kwashi ɗaliban Najeriya na samu wuri, muka yi kwanaki a yashe a iyakar Masar kafin a bar mu mu wuce. Jaka ɗaya na fito da ita, takalman ƙwallona biyu suna can. Na dawo ina da shekara 31 da gida mai ɗaki uku da Keke Napep biyu. Alhamdu lillahi. Amma ko sau ɗaya ban taɓa biyan wani don ya kai ni gwaji ba, wannan kam in faɗa maka.

Maman Abba

Ku yi haƙuri in sa baki cikin zancen maza. Maigidana ƙasa uku ya buga, ni ko ɗaya ban taɓa takawa ba. Sunan Abba ta waya ya kalla, ana riƙe masa ita a kan ragon. Da gwiwarsa ta tashi ana saura wata biyu kwantiraginsa ya ƙare, shiru suka yi har ya ƙare, suka ba shi tikiti. A nan muka yi aikin da kuɗinmu, sarƙata ta aure ta tafi a ciki. Ku gaya wa Hajiya ta bar filin nan. Ko yaron ya samu kulob ɗin, akwai ranar da za a nemi abin sayarwa.

Mai Gidan Kallo na Dilimi

Ni ban taɓa wuce Legas ba, amma duk ƙasar da Ahmed ya je sai da na bi shi da kuɗin man janareto. Da ya koma CSKA Mosko a Janairun 2012 sai da na nemo tashar da ke nuna wasan Rasha, yara suna kallon dusar ƙanƙara suna cewa ashe sanyin Jos wasan yara ne. Sau uku ya ɗauki kofin gasar ƙasar da su. A 2016 Leicester ta saye shi kan kuɗin da ba ta taɓa sayen wani da shi ba a lokacin, ya zura wa Barcelona biyu a wasan share fage, ranar har benci aka karya min. Mun ɗauka shi ke nan. Sai ga shi mako ya bi mako muna leƙen sunansa a jerin 'yan canji. Janairun 2018 aka mayar da shi CSKA aro, wasu a nan har sun fara cewa ta ƙare masa. Wata biyar bayan nan, ranar Juma'a bayan la'asar, ya zuba wa Iceland biyu a gasar cin kofin duniya, na kasa rufe ƙofa saboda jama'a. Ya tafi Al-Nassr ya ci kofin Saudiyya. Amma ku tuna, daga Oktoban 2020 da suka rabu har Afrilun 2021 kyaftin ɗin Super Eagles guda ba shi da kulob, sai Pillars ya dawo ya ɗan taɓa kafin Turkiyya ta samu. Wannan watanni shidan yara ba sa lissafawa.

Auta Bukur

Haba jama'a, kun taru kuna kashe wa yaro gwiwa. In kowa ya ji tsoro wa zai fita? Moses Simon ɗan garin nan ne, ya je gwaji Ajax ba su riƙe shi ba, bai dawo ya zauna ba, ya tafi Trenčín ta Sulobakiya, daga nan Gent ta Beljiyam, Levante ta Sifaniya, Nantes ta Faransa. Mikel ma ta Nowe ya bi kafin Chelsea. Ni na je gwaji ƙasar Sabiya a 2019, kwana 12 na yi ba a ɗauke ni ba, na dawo, kuma ban yi nadama ba. Ko ba komai na ga yadda ake gudu a can, na gane nawa gudun na unguwa ne.

Baba Koci

Auta, wa ya biya maka tikitin Sabiya?

Auta Bukur

Gaskiya ejan ne ya biya, Baba. Zuwa da dawowa. Fasfo kawai na yi da kuɗina.

Baba Koci

To ka gani. Shi ya sa ka dawo da daɗin baki. Yayan Lamba Bakwai, ka kawo min yaron ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe, zan turo maka kwatance ta waya. In yana da ƙafa zan faɗa, in babu ma zan faɗa, ni ba na jin kunyar wannan. Kuma ya zo da takardar haihuwarsa ta asali, ba wadda aka yi masa bara ba. A tabbatar kulob ɗinsu na unguwa ya yi masa rajista yadda ya kamata, domin duk ranar da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Mu nan da yawa mun yi asarar wannan saboda ba mu ajiye takarda.

Yayan Lamba Bakwai

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na karanta wa Hajiya labarin Tsohon Gola da na Maman Abba, ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Da safe na kira mutumin a gabanta na sa a lasifika, na ce ya faɗa min sunan kulob ɗin ya kuma turo takardar gayyata. Ya ce takarda ba ta fitowa sai an ba da rabin kuɗi, sunan kulob kuma sirri ne kar wasu su riga mu. Na tambaye shi lasisi, ya ce in ba mu shirya ba akwai yara goma a layi, ya kashe. Hajiya ta ba Kawu takardar filin ya tafi da ita gidansa. Ƙanin nawa dai tun jiya ko gaisuwata ba ya amsawa, amma na ga ya wanke takalminsa ya shanya a kan katanga. Baba Koci, in sha Allah muna nan tafe ranar Asabar, sai dai takardar haihuwar tana cikin akwatin Baba, yau za a nemo makullin.